Hoton Ƙwaƙwalwa Kafin Wuƙa

Ciwon kan da ke tayar da mutum da asuba, ga amai, ga gani yana dusashewa, ba kullum ne iska ba. A Bakura da Maradun, sau da yawa sai an gama turare da rubutu ake tunawa da asibiti.

Idan ƙari ne a ƙwaƙwalwa, na'urar CT ko MRI ke nuna shi: girmansa, inda ya zauna, da yadda ya danne ƙwaƙwalwa. Matakin tsananinsa kuwa, daga 1 zuwa 4, sai an gutsiri tsoka an duba.

Daga Talata Mafara titi ya miƙe zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, wurin likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa. Kuɗin motar ma aiki ne, balle na hoton.