Gashin Tumaki da Yadda A Ke Gyara Shi Domin Kaɗi

Kun sani tumakin ƙasarmu, watau Uda da Balami da 'Yankasa, ba su da gashin da za a kaɗa. Domin nama da fata da layya mu ke kiwonsu. Amma a ƙasar Masina, cikin Mali, inda kogin Kwara ya ke malala cikin fadamu wajen Mopti da Jenne, Filani suna da wata irin tunkiya mai yawan gashi. Akwai danginta a Nijar, wajen Tillaberi, ana ce mata Kundum. Matan Masina su ke kaɗa gashin da mazari, masaƙa kuma su saƙa barguna masu kauri.

Tunkiya guda ba ta ba da kilo 1 na gashi a shekara, ko da ya ke sau 2 a ke yi mata aski. Abin da ba shi da yawa kuwa ba a wasa da shi. Saboda haka ku riƙe wannan: kyawun zare daga jikin tunkiya ya ke farawa. Tun ran gini tun ran zane.

Na fari, abinci. Kadan tunkiya ta yi wata guda cikin yunwa ko ciwo, gashin da ya tsiro a watan nan ya kan sirance. In mai kaɗi ta ja shi, nan ne zai tsinke.

Na biyu, wurin kiwo. Ƙarangiya ita ce babbar abokiyar gaban gashi. In ta shiga, sai mace ta wuni tana tsinta, yatsunta suna jini, ba ta kaɗa kome ba.

Na uku, aski. A yi shi ran da jikin tunkiya ya ke a bushe, bisa tabarma mai tsabta, da almakashi mai kaifi. A yanka kusa da fata sau ɗaya tak, gama komawa wuri guda ya kan bar guntaye, su ne ke yin ƙulli cikin zare.

Na huɗu, rarrabewa. A ware gashin ciki da na ƙafafu da wanda kashi ya ɓata. Fari dabam, baƙi dabam.

Na biyar, wanki. A jiƙa shi cikin ruwan ɗumi da sabulu, maiƙo ya fita. Kada a cuɗa shi, kada kuma a fid da shi daga ruwan zafi a tsoma cikin na sanyi, don zai dunƙule, ba ya kuwa sake warwaruwa. A shanya a inuwa. Sa'an nan a tsefe shi da yatsu har ya yi laushi kamar audugar da aka shiɓa. A ajiye cikin buhu inda ba laima, a riƙa dubawa saboda asu.

Makiyayin da ya kiyaye abubuwan nan 5, matarsa ta huta, masaƙi ya nemi zarensa, bargon kuma ya daɗe. Wanda ya ƙyale su, ya yi kiwon shekara, ya sayar da arha. Allah ya sa albarka cikin dukiyarmu, amin.