Dajin Baturiya da Baƙin da Ke Zuwa Kallonsa: Jawabi ga Hakimai da Malamansu

Wannan jawabi a kan dajin Baturiya ne, wanda ke cikin ƙasar Kirikasamma ta masarautar Haɗeja, da baƙin da ke zuwa kallonsa, da kuma abin da ya kamaci shugabannin ƙasa su shirya tun baƙin ba su yi yawa ba.

Da fari dai sai a yarda al'amarin yana da ban mamaki. Mutumin karkara ba ya shiga daji sai da dalili: ko itace, ko kiwo, ko farauta, ko zuma, ko magani. In aka ce masa ga wani ya baro gidansa mai lantarki da famfo, ya biya kuɗin mota, don kawai ya kwana cikin tanti ya wayi gari yana kallon tsuntsaye, sai ya ce ko dai wauta ce, ko kuwa akwai abin da baƙon ke ɓoyewa. To, ba wauta ba ce, ba kuma leƙen asiri ba ne. Mutanen manyan birane, waɗanda kullum ba su ganin kome sai bango da hayaƙi, su daji shi ne wurin hutawarsu. Tun 1872 Amurka ta keɓe dajin Yellowstone domin jama'a su riƙa zuwa kallo. A gandayen dajin gwamnatin ƙasar kuwa an yi zanguna da turbobi: ga inda za a kafa tanti, ga murhu, ga salga, ga alama a bakin hanya mai nuna nisan tafiya. A yawancin zangunan mai zuwa yakan biya kuɗi kaɗan, ya bi doka, ya tashi ya bar wurin yadda ya same shi. A nan Arewa ma abin ba sabo ba ne. An keɓe dajin Yankari na ƙasar Bauci a 1956, aka buɗe shi ga jama'a a 1962, tun daga nan kuwa mutane ke zuwa ganin giwaye da wanka a ruwan ɗumi na Wikki.

Baturiya ba ta da giwa. Abin da Allah ya ba ta shi ne ruwa da tsuntsu. Kogin Kano da na Calawa su ne suka haɗu suka zama kogin Haɗeja. Da ya wuce birnin Haɗeja sai ya tarar da ƙasa shimfiɗaɗɗiya mai jigayin yashi, ya rarrabu rassa rassa, da damina ya malale fadamu, da rani ya ja baya ya bar tafkuna. Can gaba, wajen Gashuwa, ruwan ya haɗu da na kogin Jama'are, suka zama kogin Yobe mai zuwa tafkin Cadi. A gefen tafkunan nan giyayya da kanya da bagaruwa da tsamiya suke, a kan tudu kuwa goruba. Dinya da kirinjijiya da zalɓe da balbela 'yan gida ne, kowa ya san su. Amma daga wajen Oktoba, sa'ad da sanyi ya fara kama ƙasashen Turai da Rasha, sai wasu irin agwagi da ƙananan tsuntsayen bakin ruwa masu dogayen ƙafafu su ƙetaro teku da hamada, su sauka a nan dubbai dubbai, ba su komawa sai wajen Maris ko Afrilu. Tsuntsun da ya ƙetare Sahara, fadamun nan suna cikin ruwan farko da zai tarar. Shi ya sa masana na ƙasashen waje suka san sunan Haɗeja da Nguru, ko da ba su san sunan manyan biranen da ke kusa ba.

Shaidar wannan tana da yawa. A 1987 aka kafa shirin kiyaye fadamun Haɗeja da Nguru. A 1989 Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila ta lokacin, ya zo kallon tsuntsaye a Dagona ta ƙasar Bade. Akwai wata yarjejeniya ta duniya a kan kiyaye fadamu, wadda aka ƙulla a garin Ramsar na ƙasar Iran a 1971. An shigar da tafkin Nguru da reshen Marma cikin littafinta a 2000, Baturiya kuma a 2008. A 2020 hukumar UNESCO ta lissafa yankin Haɗeja da Nguru da Bade cikin wuraren da take so a kiyaye tare da mutanen da ke cikinsu. A wannan shekara kuma Gwamnatin Tarayya ta amince da sababbin gandayen daji na ƙasa guda goma, dajin Baturiya yana cikinsu.

Wannan na ƙarshe shi ne ya fi shafar hakimai, don kuwa suna yana tafe da doka. Dokar gandayen daji na ƙasa ta 1999 ta hana farauta da sare itace da kiwo da cinna wuta a cikin gandu ba tare da izini ba. Amma fa dajin nan ba kango ba ne. Kafin a san wani abu wai shi gandu, Mangawa da Badawa da Hausawa suna su a tafkunansa, suna noman shinkafa a bakinsa, mata suna yankan kaba suna saƙa tabarma da igiya, Fulani kuma suna gangarowa da rani domin ciyawar fadama. Duk wanda ya zauna a zauren hakimin Kirikasamma ko na Guri ya san yadda rigimar manomi da makiyayi ke tashi a kan ɗan wuri, har wani lokaci a yi hasarar rai. In aka zo aka daɗa zangon baƙi a kan wannan cunkoso ba tare da shawara ba, an ƙara mai hamayya na uku ke nan a kan ruwa ɗaya.

Ruwan ma da ake hamayya a kansa ba kamar da yake ba. An gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ta Calawa kuma a 1992, dukansu a ƙasar Kano. Wajen 1970 ambaliyar damina takan rufe fiye da murabba'in kilomita 2,000 a wannan yanki. A farkon shekarun 1990 ba ta kai 1,000 ba, ko da yake fari ma yana da hannu a ciki. Sa'an nan ruwan da ake sakowa da rani ya hana wasu rassa bushewa kamar yadda suka saba. Inda ruwa ya kwanta shekara sukutum, nan kacala ke samun gindin zama. Ta tsaya, laka ta taru a gindinta, hanyar ruwa ta toshe, sai wani gari ya nutse, maƙwabcinsa kuwa ya rasa ruwan shinkafa. Jan baki kuma ya sami masauki a cikinta, ya addabi gero da dawa da shinkafa. Dalilin kawo wannan zance shi ne, wurin da ya kasance tudu shekara ashirin da suka wuce mai yiwuwa ne yau ya zama fadama, tafkin da aka sani da tsuntsu kuma ya zama kurmin kacala. Taswirar ofis ba za ta faɗi wannan ba. Bulama da sarkin ruwa su za su faɗa.

Saboda haka abu na farko da ya wajaba a kan hakimi shi ne ya sa a rubuta abin da ke ƙasa tun kafin a kafa turke ko ɗaya. Malaminsa ya ɗauki littafi ya zaga tare da dagatai da bulamai da arɗaɗe da sarakunan ruwa. A rubuta kowane tafki da sunansa, da garin da ke su a cikinsa, da watan da ake buɗe su. A rubuta burtali daga inda ya shigo zuwa inda ya fita, da mashaya, da maƙabarta, da kurmin gorubar da mata ke yankan kaba. A karanta wa jama'a abin da aka rubuta a bainar mutane, wanda ke da ja ya ja tun a nan. Aikin yana da gajiya, ba kuwa wanda zai yi wa malami kirari a kansa. Amma ranar da ma'aikatan gandu suka zauna shata iyaka, hakimin da ya zo da littafi shi za a saurara wa. Wanda ya zo da "kakanninmu sun ce" kawai, za a girmama shi, a ba shi kujera, sa'an nan a bi taswira.

Zancen zango kuwa, ba a bukatar bene. Galibin masu irin wannan tafiya abin da suke nema kaɗan ne: tudu wanda ambaliya ba ta kai masa, inuwa, ruwan sha mai tsabta, salga mai murfi nesa da rijiya da tafki, ramin shara, da mai gadi wanda garin ya yarda da shi. Ya fi kyau zangon ya kasance a bakin daji kusa da gari, ba can tsakiya ba. Ta haka tsuntsu ba zai firgita ba, mai kifi da mai nono da mai tabarma kuma za su sami ciniki. Kada ya hau burtali, kada ya tare mashaya, ko da wurin ya fi ko'ina kyan gani. Ambaliyar 2022 ta nuna wa mutanen Jigawa inda ruwa ke iya kaiwa. Duk inda ya taɓa a shekarar nan a bar shi. Itacen girki kuma a saye shi daga gari, busasshe, don abin kunya ne a hana talaka sara sa'an nan a sare wa baƙo.

Turba ita ma haka. Ba sai an share sabuwa ba in akwai tsohuwar hanyar masunta. A bi gefen tafki daga nesa kaɗan, ta bayan itatuwa, a sa alama da fenti a jikin turaku, ba a sassaƙe bawon itace ba. Inda tsuntsaye ke sheƙa a kauce. Mai kallo yana da madubin hangen nesa, ba ya bukatar ya matsa. Da hantsi kaɗan ake gama kallon safe, sai kuma la'asar. Tsakar rana ba mai fita sai wanda bai san ƙasar ba.

Akwai wata riba da ba a cika lura da ita ba. Maharbin da ya shekara talatin yana bin dinya ya fi kowa sanin inda take kwana. In aka ɗauke shi jagora, abin da ya sani ya zama abin sayarwa kowace shekara, alhali dinyar da ya harbe sau ɗaya ake sayar da ita. Haka masu kwalekwale. Sai dai a yanke kuɗin jagora da na kwalekwale a gaban hakimi, a rubuta, a yi layi tsakanin garuruwa, kada abin ya zama na dangin mutum ɗaya. In jama'a suka ga kuɗin baƙi yana shiga aljihu biyu ko uku, su kuwa sai hani ke isa gare su, to, gatari zai koma aiki da dare, ba kuma yawan masu gadi ne zai hana ba.

Baƙo shi ma yana da nasa sharaɗi, jagora kuwa shi zai gaya masa da ladabi tun ranar sauka. Ya fara gaida mai gari. Kada ya ɗauki hoton mata ko cikin gida sai da izini. Ya sa tufa ta mutunci in zai ratsa gari. Kada ya yi wanka a tafki, saboda tsagiya. Ya kwana cikin gidan sauro. Bindiga kuwa ba ta shiga. Yawancin baƙin nan ma ba Turawa ba ne. 'Yan makaranta ne da malamansu daga Haɗeja da Dutse da Kano, da ɗaliban jami'a masu bincike, da ma'aikata masu hutun ƙarshen mako. Waɗannan ba su da kuɗi mai yawa, amma su ne za su riƙa dawowa.

Malamin hakimi ya ajiye littafi na biyu domin baƙi: suna, da inda mutum ya fito, da kwana nawa ya yi, da jagoran da ya raka shi, da abin da ya biya. Wani lokaci masunci yakan sami tsuntsu a cikin koma da ɗan zoben ƙarfe a ƙafarsa, mai lamba da sunan wata ƙasa. Ba tsafi ba ne, ba kuwa laifi ga wanda ya tsinta. Masana ne suka sa don su san hanyar da tsuntsun ke bi. A kawo wa malami ya kwafe lambar daidai, da ranar da wurin, ya miƙa wa ma'aikatan gandu.

Lokacin zagayen rubutu shi ne bayan kaka, sa'ad da ruwa ya fara ja amma alamarsa tana nan a jikin giyayya, hanyoyi sun soma biyuwa, Fulani kuma sun fara gangarowa, watau daga Nuwamba zuwa Disamba. Hakimin da ya fara a lokacin zai iya kai littafinsa gaban Majalisar Sarki kafin watan Janairu ya ƙare.