Ranar da kasuwa ta ƙi buɗewa: jawabi ga 'yan kasuwa da ma'aikatan Arewa



A farkon shekarar 2005, gwamnatin Shugaba Tanja Mamadu da Firaminista Hama Amadu ta ɗora harajin TVA na kashi 19 cikin 100 a kan madara, sukari, garin alkama, ruwan famfo da wutar lantarki. Masu ba ƙasa bashi sun matsa a ƙara kuɗin shiga, sai aka nemo su cikin tukunyar talaka. Ran 15 ga Maris, dubban mutane suka cika titunan Yamai bisa kiran ƙawancen yaƙi da tsadar rayuwa. Ran 22 ga wata kuma gari ya mutu: ba kanti, ba tasi, ba mai tuyar ƙosai.

Hukuma ta yi abin da ta saba. Ta kama mutum biyar, cikinsu har da Nuhu Arzika, Maru Amadu da Musa Cangari, ta tuhume su da yi wa tsaron ƙasa zagon ƙasa. A tunaninta, in an sare kan maciji an gama da shi. Sai ga shi abin ba maciji ba ne, tururuwa ce. Maraɗi, Damagaram da Tawa ba su jira umurnin kowa ba. Zaman gida ba ya bukatar shugaba, domin kowane ɗan kasuwa shi ke riƙe da makullin shagonsa, kuma babu jandarman da zai iya kama mutum saboda ya ƙi fita daga ɗakinsa. Ma'aikacin da albashinsa ke ƙarewa kafin wata ya raba bai bukaci a fassara masa dokar kasafin kuɗi ba. Takardar NIGELEC ta riga ta yi masa bayani.

Cikin watan Afrilu aka saki mutanen, aka zauna da su. Gwamnati ta janye harajin madara da na garin alkama, ta sassauta na ruwa da wuta ga masu ƙaramin ƙarfi. Sukari dai ya zauna da harajinsa. Abin lura shi ne, taron da ya tashi ba tare da jiran kowa ba, da aka zo teburin sulhu sai da ya nemi bakin da zai yi magana da sunansa. Masu riguna ɗorawa na Faransa a 2018 sun ƙi naɗa irin wannan baki, suka yi watanni kan hanya.

Amma akwai wanda ba a zauna da shi ba. Damanar 2004 ta zo da ƙarancin ruwa da fara, rumbuna suka ƙare da wuri, kuɗin hatsi ya yi tashin gwauron zabo. Manomin ƙauye ba shi da famfo balle mitar wuta, ba shi kuma da shagon da zai rufe hukuma ta ji zafi. Yajin aikinsa ɗaya ne, ya ɗauki sanda ya tafi cin rani Sakkwato ko Kano, kuma babu jaridar da ke kiran wannan zanga-zanga.

A watan Yuni an yi wani jerin gwano a Yamai domin a raba abinci kyauta, bai ko kusa kai na Maris ba. A watan Agusta, Shugaba Tanja ya shaida wa BBC cewa babu yunwa a Nijar.