MU KOMA GA GADONMU NA ADDU'A

Jawabin dattawan ikkilisiya a sujadar godiya ta cika shekara 50



Kwamitin biki ya roƙe mu mu yi magana a kan addu'a. Tarihin gini da sunayen waɗanda suka yi hidima a nan suna wani shafi na wannan littafi, ba za mu maimaita su ba.

Kalmar Jubili da aka buga a jikin zanen da iyayenmu mata suka ɗaura yau, daga Littafin Firistoci sura 25 ta fito. A shekara ta 50, ran 10 ga wata na 7, wato ranar kafara, akan busa ƙaho a dukan ƙasar Isra'ila. Wanda talauci ya sa ya sayar da gonar ubansa, gonar ta dawo hannunsa. Wanda bashi ya mai da shi bawa, ya koma cikin danginsa. To, tun da mun ari sunan, ya kamata mu tambayi kanmu wace gonar gado ce ta fita daga hannunmu.

Iyayen da suka kafa wannan ikkilisiya ba su bar mana kuɗi ba. Farin 1973 bai daɗe da wucewa ba, rumbuna da yawa ba komai a ciki. Suna haɗuwa ne gida gida, irin ƙananan ƙungiyoyin addu'a da aikin Sabon Rai Don Kowa ya yaɗa a Arewa tun cikin shekarun 1960, kafin su kafa rumfar zana a wurin da muke zaune. Ƙararrawarsu tsohon ƙarfen ƙafar mota ne da aka rataye a jikin darbejiya. Ƙarfe 5 na asuba a buga shi, ko hunturu ko damina, mutum ya yafa bargo ya ɗauki fitilar ƙwai ya fito. Yawancinsu ba su iya karatu ba. Mai bishara ya karanta musu aya biyu ko uku daga tsohuwar fassarar Hausa ta 1932, sai kowa ya durƙusa a ƙasa. Waɗansunmu muna yara a lokacin, muna gyangyaɗi a jikin iyayenmu, amma muna jin sunayenmu suna fita daga bakinsu zuwa gaban Allah. Daga nan kowa ya ɗauki fartanya.

Yau muna da rufin kwano, da lasifika, da janareta. Mun gode wa Allah. Ran Lahadi sai an ƙara kujeru a waje. Amma ku zo addu'ar Laraba ku ƙirga benci. Tsofaffin mata ne suka riƙe ta, Allah ya sāka musu. Mu maza kuwa, har da mu dattawa da muke wannan magana, kasuwa da ofis sun cinye mu. Maƙwabtanmu Musulmi suna tashi da kiran asalatu su bi ta ƙofar gidajenmu, mu muna minshari.

Abin da ya fi damun mu shi ne mun ba da addu'a jinga. Yaro ya yi zazzaɓi, a kira fasto. Jarrabawa ta zo, a aika da takarda a karanta a majami'a. Roƙon 'yan'uwa su tuna da kai abu ne mai kyau, Manzo Bulus ma ya yi. Amma ɗan da kullum sai ya aiki wani wurin ubansa, wata rana zai manta da muryar uban. Daga nan ne wasu suke kai kuɗinsu gidajen da ake sayar musu da mai da ruwa a kwalba, domin sun ɗauka kunnen Allah ya fi kusa da wani fiye da su. Labulen Haikali ya tsage ranar da Yesu ya mutu, ba a kuwa ɗinke shi ba.

Ku duba Daniyel sura 6. Da aka sa dokar hana addu'a, bai ƙirƙiro sabon abu ba. Ya hau ɗakinsa ya durƙusa sau uku a rana, yadda ya saba tun kafin dokar. Ba a haƙa rijiya ranar da gobara ta tashi. Ubangijinmu kansa, in ji Markus sura 1, ya tashi tun da sauran duhu ya fita inda ba kowa, bayan yinin da ya yi yana warkar da marasa lafiya har dare.

Saboda haka kowa ya tsai da lokaci da wuri, ko minti 15 ne, ya ajiye wayar hannu nesa. Ya fara da karanta Maganar Allah kafin ya buɗe baki, gama wanda ya shiga wurin sarki yakan saurara tukuna. Ya yi magana da harshen da ya tashi da shi, ba sai ya ari kalmomin fasto ba. Maigida ya tara iyalinsa da dare, ya ba yara dama su ma su yi. In akwai gaba tsakaninka da ɗan'uwa, ko kana wulakanta matarka, ka gyara, domin Bitrus na Fari sura 3 ya nuna irin wannan yana tare addu'a.

Mun sani akwai waɗanda suke zaune a nan da suka daina addu'a don sun roƙa ba su samu ba. Wata ta yi azumi, duk da haka ta binne ɗanta. Wani rikici ya cinye shagonsa. Ba mu da amsar da za ta share muku hawaye, ba kuwa za mu ce bangaskiyarku ce ta kasa ba. Bulus ya roƙa sau uku a cire masa ƙaya, aka bar masa ita, aka ba shi alheri. A Getsamani Ɗan Allah ya roƙa ƙoƙon ya wuce, ya kuwa sha shi. Muna roƙonku ku dawo, ko kuka kaɗai za ku iya yi a gabansa. Za mu zauna tare da ku.

Da ake share ɗakin ajiya don wannan biki, matasa suka tono tsohon ƙarfen nan a ƙarƙashin karyayyun benci. Ya yi tsatsa amma yana ƙara. Dattawa sun yarda a sāke rataye shi, an kuma raba wa iyalai makon da kowa zai riƙa bugawa. Za a fara gobe Litinin, ƙarfe 5 na asuba.