Kuɗin Azurfa Masu Hoton Mujiya na Birnin Atina

Shirin na yau zai duba tsabar kuɗin azurfa masu hoton mujiya da birnin Atina na ƙasar Girka ya fara bugawa wajen shekara ta 510 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, waɗanda a yanzu ake ajiye da su a gidajen tarihi irin su British Museum da ke Landan da gidan adana tsoffin kuɗi na Atina.

Mafi shahara a cikinsu ita ce tetaradarakma, wato darakma huɗu a dunƙule, mai nauyin kusan giram 17, a zamanin da ƙwararren magini kan samu darakma ɗaya a yini. A fuska ɗaya akwai kan Atena, wadda mutanen birnin suke bauta wa, a ɗaya fuskar kuma mujiya da reshen zaitun, domin tsuntsuwar da Bahaushe yake camfawa su alamar hikima suka ɗauke ta. Da hannu ake buga kowace ƙwaya, a ɗora gutsuren azurfa tsakanin hatimi biyu a doke shi da guduma, shi ya sa da wuya a sami biyu da suka yi kama sak.

Azurfar daga ma'adinan Lauriyon take fitowa, inda bayi suke haƙa cikin ƙunci, kuma da ribar da aka samu a 483 kafin haihuwar Annabi Isa ne wani jagoran birnin mai suna Temistokilis ya shawo kan jama'a suka ƙera jiragen ruwan da suka karya rundunar Farisa a Salamis a 480.

Sai dai abin da masana suka fi nema ba kyan zane ba ne, sanin inda aka tono ƙwayar ne da irin kuɗin da aka binne tare da ita. A 1969 an gano tarin kuɗin Girka kusan 900 a Asyut ta ƙasar Masar, da yawansu an sare su da kurfi don a tabbatar azurfa ce har ciki, abin da ke nuna cewa a can da awo ake karɓarsu, ba da ƙirga ba. Dillalai sun warwatsa tarin a kasuwa, sai daga baya masana suka bi sawunsa da ƙyar. Saboda haka duk wanda ya ci karo da kayan tarihi a ƙasa, ya sanar da hukuma kafin ya taɓa su.