Kurkukun Da Ya Zama Kasuwa



'Yan'uwa matasa, mu dai a saninmu kurkuku na hukuma ne. To, a Amurka akwai kurkukun 'yan kasuwa. Tun 1983 aka kafa wani kamfani, CCA, wanda yanzu ake kira CoreCivic, sana'arsa tsare mutane. Gwamnati ta kamo baƙin haure ta kai masa, ta biya shi kuɗin kwanansu. Wato in ɗaki ya cika an yi ciniki, in aka saki mutum an yi asara. Wanda abincinsa ke nan, yaushe zai so a sake ka?

Kada wani ya ce ina ruwan Barkiya da wannan. Samari nawa daga Kurfi da Dutsin-Ma suka bi ta Jibiya, Maraɗi, Agadas, suka nufi Libiya ci-rani? Can abin har ya fi muni. A 2017 Italiya ta ƙulla yarjejeniya da Libiya a kan a riƙa tare masu ƙetare teku. In an taro su sai wuraren tsarewa, da dama a hannun 'yan bindiga. Kai ma da ka je leburanci, in ba takarda, kamen ba ya tsallake ka. Sai a bugo wa uwa waya tana jin kukan ɗanta, a ce a aiko kuɗi. A sayar da sa, a jinginar da gona. A watan Yulin 2019 aka jefa bam a wurin tsarewa na Tajura, mutum 53 suka mutu a kulle.

To, ana iya cewa a'a? Ana iyawa. A 2012 kamfanin nan ya so gina wurin tsare baƙi a wani ƙaramin gari, Crete, kusa da Chicago. Aka yi musu romon baka da aikin yi da haraji. Mutane suka cika zaman majalisar gari, wasu har tattaki suka yi daga Chicago. Majalisa ta ƙi. A 2019 jiharsu, Illinois, ta haramta wa kamfanoni wannan sana'ar.

Saboda haka, 'yan'uwa, kada ɗayanmu ya zama dillalin masu safarar mutane. Wanda ya dawo ya faɗa wa ƙannensa gaskiya, ya bar kuri a majalisa. Namu da ke tsare kuwa, mu rubuta sunayensu, mu kai wa wakilanmu, mu yi ta komawa har sai sun motsa.

Allah ya kuɓutar da duk wanda ke hannun azzalumai. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.