Malam, Yaushe Rabonka da Yi wa Kanka Lissafi?

Ina gaida 'yan'uwa na nan Libreville, da 'yan kasuwar Mont-Bouët da suka rufe rumfa suna hanyar gida, musamman kuma malamanmu na makarantun allo da Islamiyya, domin shirin yau naku ne. Za mu yi magana a kan muhasaba, wato mutum ya keɓe ya yi wa ransa lissafi, kamar yadda ɗan kasuwa yake zama da daddare ya ƙirga ciniki, ya ware uwar kuɗi da riba.

Bari in soma da mutumin da duk almajiri ya san sunansa, Imamu Gazali. A shekarar 1091 waziri Nizamul Mulk ya ɗora shi a kujerar koyarwa ta makarantar Nizamiyya da ke Bagadaza, yana da shekara 33 ko kusa da haka. Ɗalibai wajen 300 ke ɗaukar karatu a gabansa, manyan gari suna girmama shi. Shekara 4 da fara wannan aiki, a 1095, sai harshensa ya ƙulle. Zai zauna ya ba da darasi, kalma ta ƙi fita. Abinci ma ya daina shiga. Likitoci suka duba shi, suka ce wannan ciwo daga zuciya ya taso, ya fi ƙarfin maganinsu.

To ku ji abin da ya yi, kamar yadda ya ba da labari da kansa a littafinsa Almunƙizu minad Dalal. Bai ce sammu aka yi masa ba, bai ɗora wa mahassada ba. Ayyukansa ya baje a gabansa, ya ga koyarwa ce mafi kyau a cikinsu, sai ya tona niyyar da ke ƙarƙashinta. Abin da ya tarar bai yi masa daɗi ba: neman suna da ɗaukaka. Wata 6 ya yi yana kai-kawo, yau ya ƙudura barin garin, gobe ya fasa. Daga ƙarshe ya fita, ya zauna a Dimashƙa, ya je Ƙudus, ya yi aikin hajji, kuma a cikin waɗannan shekaru ne ya rubuta Ihya'u Ulumid Din. Sai a 1106 ya koma koyarwa a Naisabur, shekara 11 bayan barin Bagadaza. Ya rasu a 1111.

Kada wani ya ce na ce ya rufe makaranta ya shiga duniya. Wanda ya san tsadar haya a garin nan ya san ba mai iya hutun shekara 11. Abin da nake so mu ɗauka shi ne inda Gazali ya fara bincike: a kansa. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, kuma mu malamai mun fi kowa iya hawa wannan tudun. Yaro bai iya ba, daƙiƙi ne. Aji ya watse, iyaye ne ba su da tarbiyya. Malam kuwa kullum wankakke.

Ni kaina na taka wannan tudu. Na taɓa koyarwa a wata Islamiyyar yamma, akwai wani yaro da na sa wa ido, kullum ina yi masa tsawa, har bulala ta shiga tsakaninmu. A lokacin ni ma ba lafiya ce ta ishe ni ba: ba barci, ga saurin fushi, in koma gida in huce a kan iyali. Wata rana bayan isha'i na ɗauki biro na rubuta abin da ya faru a aji tun daga shigata har fitata. Da na karanta sai kunya ta kama ni. Yaron nan a garin nan aka haife shi. Tun safe yana makarantar boko ana yi masa karatu da Faransanci, da shi yake wasa a unguwa, Hausarsa ta gaisuwa ce da aike. Ni kuma ina zuba masa bayani da Hausar zaure irin wadda aka koyar da ni. Ashe ba ƙin ji yake yi ba, ba ya gane ni ne. Washegari na sa wani babban ɗalibi ya riƙa maimaita masa bayanin da harshen da ya saba. Ban ce ya zama gwani ba, amma ya daina ɓuya a bayan aji, ni ma na samu barci.

Sai dai a yi hattara. Muhasaba daban, cin zuciya daban. Wanda ya kwana yana zagin kansa, yana cewa ba shi da amfani, waswasi ne ya kama shi. Ɗan kasuwar da ya ga asara ba ya ƙona rumfa, gano inda kuɗin ya zurare yake yi ya toshe. Gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba. In kuma damuwa ta yi nisa, har ta hana ci da barci kwana da kwanaki, a je asibiti. Gazali ma likitoci sun duba shi.

Saboda haka Malam, Malama, yau in an idar da isha'i, a nemi takarda. A rubuta sunan ɗalibi ɗaya, wanda ya fi ba ka wahala. A ƙarƙashinsa kar ka rubuta laifinsa, ka riga ka haddace shi. Rubuta abin da kai ka faɗa masa yau, da irin muryar da ka faɗa, da ko ka tsaya ka tabbatar ya gane. Gobe in Allah Ya kai mu, ka fara darasi da shi.